Kuɗin masu ƙawata wuri ya fi ƙarfina: in ci bashi, ko in yi adon liyafar bikina da kaina?

Assalamu alaikum Anti. Saura mako 7 bikina, kuma muna sa ran baƙi kamar 150 a wurin liyafa. Mun riga mun biya kuɗin ɗakin taro, amma da na nemi masu ƙawata wuri, kuɗin da suka yanka mini ya kusa cinye rabin abin da ya rage mana ni da angon. Sai na ce bari in yi da kaina, ni da ƙawayena da ƙannena. Hotunan da na tara a wayata sun fi ɗari, kowanne na kalla sai in ji shi nake so. Yayata kuma ta ce kada in soma, wai aikin hannu ba ya ɓuya, dangin miji za su ce an gaza, gara in ci bashi a kira ƙwararru. Yanzu ko barcin kirki ba na yi. Don Allah ki ba ni shawara: in ci bashin, ko in yi da kaina? In da kaina ne, ta ina zan fara?

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Kada ki ci bashin nan. Adon wurin liyafa awa huɗu ko biyar yake yi, daga nan a kwance shi a ɗure a buhu. Bashi kuwa zai bi ki har ɗakinki, ya zauna tare da ku a watannin farko, lokacin da ke da mijinki kuka fi bukatar kwanciyar hankali. Na ga gidajen da rigimarsu ta farko a kan kuɗin bikin da ya riga ya wuce aka yi ta, kuma ba na so naki ya shiga cikinsu. Ki zauna da angon ku yanke iyakar abin da za ku kashe a kan ado, ku rubuta shi a takarda, sannan ku cire kashi goma cikin ɗari ku ajiye gefe saboda makon ƙarshe. Ba a rasa abin da ke tasowa a makon nan.

Amma kada ki yi watsi da maganar yayarki gaba ɗaya, don akwai gaskiya a cikinta. Da ta ce aikin hannu ba ya ɓuya, wani wuri take tunawa da ta taɓa gani: labule a yamutse ba a goge ba, salatif yana ƙyalli a jikin bango, furen takarda ya karkace, launi bakwai suna faɗa da juna, ga amarya ta iso a gajiye, yatsunta duk ƙunar gam. Ki duba abubuwan nan da kyau, babu ko ɗaya da rashin kuɗi ya jawo. Abin da ya jawo su shi ne ɗaukar aikin da ya fi ƙarfin hannuwan da ake da su, da kuma barin komai sai ranar. Wanda ya yi adon da kansa kuɗi yake ragewa, amma da lokaci yake biya, kuma yawancin amare ba sa yin lissafin lokacin. Idan kika yi wannan lissafin tun yanzu, kika zaɓi abubuwa kaɗan kika yi su tsaf, babu baƙon da zai tsaya tambayar wa ya yi.

Mu fara da hotunan nan naki, don su ne suka hana ki barci. Da yawa daga cikin hotunan da ke yawo a Instagram da Pinterest ba a wurin biki na gaske aka ɗauke su ba. Masu sana'ar ne ke haɗuwa, su shirya tebur ɗaya tak, su kwashe yini suna gyara shi, ƙwararren mai hoto ya zaɓi kusurwa da haske, don tallar aikinsu. Babu baƙo ko ɗaya a wurin, babu yaron da zai ja mayafin tebur. Ke kuwa tebur kusan ashirin ne a gabanki. Ki buɗe wayar yau, ki zaɓi hoto uku da suka yi kama da juna a launi da yanayi, sauran ki goge su. Na san za ki ji kamar an raba ki da wani abu, amma muddin ɗarin nan suna wayarki, duk abin da kika haɗa da hannunki zai riƙa yi miki kama da gazawa.

Kafin ki sayi ko zare, ki je ɗakin taron da awo a hannu, kuma ki je a daidai lokacin da za a yi liyafar, don wurin da kika gani da hantsi daban yake da dare. Ki auna faɗi da tsayin bangon da za ku zauna a gabansa. Ki ƙirga tebura, ki auna ɗaya. Ki duba inda soket suke. Sannan ki zauna da mai kula da wurin ki tambaye shi dalla-dalla: me ke cikin kuɗin da kuka biya? Sau da yawa akwai mayafan tebur, ko labule, ko wasu kayan ado a ɗakin ajiyarsu da ba za su ambata ba sai an tambaya. An yarda a buga ƙusa ko a liƙa abu a bango? An yarda da kyandir mai wuta? Wurare da dama sun hana, kamar yadda suke hana watsa ƙyalƙyali da gutsattsarin takarda saboda wahalar shara, kuma sukan cire tara daga kuɗin da aka ajiye musu na jingina. Tambayar da ta fi duka muhimmanci ita ce: ƙarfe nawa za a buɗe muku ku fara aiki, ƙarfe nawa kuma dole ku kwashe kayanku? Amsar wannan ita za ta yanke miki girman adon da za ki iya.

Ga yadda lissafin yake. Teburin da aka fi samu, mai zagaye, faɗinsa santimita 152, yana ɗaukar mutum 8. Baƙi 150 ke nan tebur 19. A ce adon tsakiyar tebur ɗaya yana cin minti 40 daga wanke kwalba zuwa ɗaura mata ƙyalle, to 19 za su ci kusan awa 13. A ce kina so a ɗaura ƙyalle a bayan kowace kujera, minti biyu-biyu kawai, kujera 150 sun cinye awa 5 na mutum ɗaya, kuma wannan aikin ba ya yiwuwa a gida, sai a wurin. Idan awa 3 aka ba ku kafin baƙi su iso, kuna da mataimaka 5, duk abin da kuke da shi awa 15 ne na aikin hannu, ɗaurin kujeru kaɗai ya tafi da kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka ni dai ki bar kujerun nan yadda suke. Da zarar mutane sun zauna babu mai ganin bayan kujera.

Inda ido ke sauka shi ne inda ke da angonki za ku zauna. Can kowa zai kalla tun daga shigowa har tashi, can za a yi yawancin hotuna, kuma hoton da za ki rataya a ɗakinki shekara da shekaru bangon nan ne zai fito a bayanki. Rabin kuɗinki da mafi kyawun lokacinki su tafi nan.

Idan ba a yarda a taɓa bango ba, ana haɗa firam da bututun roba irin na famfo, mai ɗan kauri, da mahaɗansa na kusurwa. Faɗin mita 3 da tsayin mita 2.4 sun isa mutum biyu a zaune, har da masu tsayawa a gefensu don hoto. Bututun sama yakan lanƙwashe a tsakiya idan ya yi tsawo, don haka a sa masa ƙafa ta uku a tsakiya, labule zai rufe ta. Ƙafafun kuma a dasa su cikin bokitin yashi, ko a danne su da buhunan yashi. Kada ki raina wannan. Na taɓa zama a wata liyafa inda aka kunna babbar fanka a gefe, labulen ya cika da iska, firam ɗin ya fara rusunawa a hankali ta kan ango da amarya, sai da samari biyu suka tsaya a baya suna riƙe da shi har aka tashi. Adon ya yi kyau ƙwarai, nauyi kawai aka manta a sa masa a ƙasa.

Sirrin labule yana cikin yawan yadi. Idan kika rataya mita 3 a kan faɗin mita 3, zai miƙe fayau, ya nuna duk wata tawaya. Ki ninka faɗin sau biyu, wato mita 6, don ya yi tattara ya zubo. Idan faɗin yadin mita ɗaya da rabi ne, falle huɗu za ki yanka, kowanne tsawon mita 2.6 saboda naɗin da bututu zai shiga ta sama, jimla mita goma da ɗoriya. Ki guji yadi mai sheƙi mai araha, yana nuna kowace yamutsa, kuma hasken kyamara yana dukan sa ya dawo. Yadi marar sheƙi, ko da ya fi araha, ya fi shi kwarjini a hoto. A goge shi a gida, a naɗe shi a jikin bututu ko kwali mai tsawo maimakon a ninke, kuma duk da haka a tafi da dutsen guga. Rabin abin da ke bambanta aikin ƙwararru da na gida guga ce.

Idan liyafar ta dare ce, baya ga bangon nan babu abin da zai ba ki riba kamar haske. Zaren ƙananan fitilun LED ba su da tsada, ba sa cin wuta sosai, kuma ba sa zafi kamar ƙwan lantarki na da. Ki duba jikin kwalin kafin ki saya: wanda aka rubuta 2700K ko 3000K haskensa mai ɗumi ne, ruwan zuma, yana gyara fatar kowa. Wanda aka rubuta 6000K ko 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi, yana sa fuska ta yi fayau, wuri ya yi sanyi. Ki ɗauki na farkon, kuma duka su zama iri ɗaya, don idan aka gauraya su ido yana ganewa nan take. Ki zubo da zaren fitilun daga sama zuwa ƙasa, ki rufe su da yadi shara-shara ta gaba, sai hasken ya yi laushi, wayoyin su ɓace. Ki roƙi mai kula da wurin ya nuna miki yadda ake rage manyan fitilun rufi, ko a kashe wasu layuka. Wannan kyauta ne, kuma yana rufe tabon bango da tsufan kujeru fiye da duk adon da za ki saya. Wayar da za ta ratsa ƙasa a bi da ita ta jikin bango, a liƙe ta, saboda dattawa da yara. Kada a tara komai a soket ɗaya. Idan kuwa da rana za a yi, a fili, to ki manta da fitilu gaba ɗaya, ki sa kuɗin a inuwa da yadi.

Launi kuwa, uku sun isa. Masu adon ɗaki suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: launi ɗaya mai sanyi ya ɗauki kashi 60, na biyu kashi 30, na uku mai jan ido kashi 10. Ki fara da duban launin da ke wurin tun asali, wato kujeru da daɓe da labulen tagogi, don su ma za su shiga hoto ko kin so ko ba ki so ba. Ki yanko ƙyalle ɗan ƙarami na kowane launi ki sa a jaka, duk abin da za ki saya ki kara shi a jiki. Launin da kika riƙe a ka yakan saɓa da wanda ke gabanki.

Sai tebura. Mayafin tebur ki karɓo haya, kada ki ɗinka. Teburin nan mai faɗin santimita 152, tsayinsa wajen 75, idan kina so mayafi ya taɓa ƙasa sai ya kai faɗin mita 3, ki ninka sau 19 ki ga yawan yadin, kuma bayan biki ba ki da abin yi da shi. Farin mayafi na haya, a ratsa masa siririn ƙyalle mai faɗin santimita 30 a launinki na biyu, ya wadatar. Ƙyallen nan shi za ki iya yankawa da kanki.

Adon tsakiyar tebur ya kasance ƙasa da santimita 30 a tsayi, don wanda ke zaune ya ga fuskar na gabansa. Masu sana'a sukan yi dogaye da suka haura santimita 60, waɗanda ake hango juna ta ƙarƙashinsu, amma waɗannan suna bukatar gindi mai nauyi da fure mai yawa, ki bar musu. Abin da zan ce ki yi shi ne ki sa 'yan uwa su fara tara miki kwalabe da ƙananan gwangwanayen gilashi tun yau. A jiƙa su a ruwan ɗumi takardar jikinsu ta saki, a goge ragowar gam da ɗan mai, a wanke da sabulu. Kina iya barin su garau, ko a fesa musu fenti launi ɗaya. Idan fenti za a yi, a yi shi a waje, a riƙe gwangwanin fentin nesa kamar taƙin hannu ɗaya, a fesa sama-sama sau biyu ko uku ana bari yana bushewa. Wanda ya matsa ya fesa da yawa lokaci ɗaya zai ga fentin yana zubo da hawaye. A gama wannan aƙalla mako biyu kafin biki saboda wari. Kwalba uku masu bambancin tsayi a tsakiyar kowane tebur, kowacce da reshe ɗaya ko biyu, sun fi tulin tarkace kyau. Kwalba 57 ke nan, ki tara 65 saboda fashewa.

Ɗanyen fure yana da kyau, amma shi ne abin da ya fi saurin cin kuɗi, kuma ba ya jira. Idan kina so, ki sa ganye ya yi yawa, fure ya zama kaɗan, ki zaɓi wanda ake samu a lokacin. Wardi yakan yi kamar mako guda a ruwa, wanda ake kira kaneshan yana iya kai mako biyu kuma ya fi jure zafi. A sayo kwana biyu kafin ranar. A yanke gindin kowane reshe a karkace da wuƙa mai kaifi, a tsige duk ganyen da zai nutse a ruwa, don shi ne ke ruɓewa ya haifar da ƙwayoyin da ke toshe hanyar shan ruwan furen. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na sukari da ɗigo kaɗan na bilic, wato ruwan wankin nan mai faranta tufafi, a kowace lita ta ruwa. A ajiye a wuri mai sanyi, nesa da rana, nesa kuma da nunannun 'ya'yan itace, domin suna fitar da wata iska mai suna etilin da ke tsofar da fure da wuri. Wannan aikin na jajibirin biki ne, saboda haka ba naki ba ne, ki ba wadda kika amince da ita.

Idan kin ga ɗanyen furen zai yi nauyi, na takarda yana nan, kuma ina son sa domin ana gama shi tun da sauran makonni. Ki ɗauki falle 8 zuwa 10 na takarda mai laushi irin ta naɗe kyauta, ki jera su a kan juna. Ki riƙa ninkewa gaba da baya, faɗin yatsa biyu, har ki kai ƙarshe. Ki ɗaure tsakiya da siririyar waya, ki zagaye bakin nan biyu da almakashi. Sai ki baje ninkin, ki riƙa ɗago falle ɗaya-ɗaya zuwa tsakiya, a hankali, da tafin yatsa, kada farce ya taɓa. Na farko zai yage, na biyu ma wataƙila, daga na uku hannu ya saba. Ki bar su a ninke a ɗaure cikin kwali, sai ana gobe biki a buɗe su, don buɗaɗɗe ba ya jure danniya. Goma sha biyar masu girma daban-daban, a tara su a kusurwa ɗaya ta saman labulen bayanku su gangaro gefe, sun fi a warwatsa hamsin a duk ɗakin. Idan za ku yi aiki da gam ɗin nan da ake narkawa da 'yar bindigar lantarki, ku ajiye kwanon ruwan sanyi kusa, yana ƙuna sosai, kuma ku sani yakan saki idan kaya suka daɗe a cikin mota mai zafi. Duk abin da zai rataya a saman kan mutane a ɗaure shi da waya, kada a dogara da gam.

Balan-balan ba dole ba ne. Idan kina so a bakin ƙofa, ki hura da iskar famfo ta hannu, ki ɗaure su a jikin igiya, ƙanana da manya a cakuɗe. Na iskar hiliyom da ke tashi sama ya fi tsada, kuma ba ya cika wuce yini guda bai sauko ba, na iskar famfo kuwa yana yin kwanaki. Rana tana dusashe su tana fasa su, kuma gutsuren wanda ya fashe hatsari ne ga ƙananan yara, a riƙa tsincewa. Kyandir kuma, ko an yarda da mai wuta, ni na fi natsuwa da na batir a wurin da yara da dogayen mayafai ke kai da komo. Idan mai wutar kike so, ya zauna cikin gilashin da ya fi harshen wutar tsayi, nesa da takarda, kuma ki san ƙananan kyandirorin nan awa huɗu suke yi, kada a kunna tun kafin baƙi su zo.

Ƙananan abubuwan da ake ɗora wa kai, irin katin suna a gaban kowane baƙo, da 'yan ƙunshin kyauta 150 masu ɗaurin zare, da ado a jikin kowane kofi, ki yafe su. Allo ɗaya a bakin ƙofa mai sunanku, da rubutu mai kyau, da lambar kowane tebur idan za a raba wa mutane wurin zama, sun isa. Idan akwai mai kyan rubutu a cikin ƙannenki, ga aikinta.

A cikin makon nan, kafin ki sayi kaya da yawa, ki haɗa tebur ɗaya cikakke a gida, ki kafa firam ɗin da labulensa, ki duba agogo ki rubuta minti nawa kowanne ya ci. Ki ɗauki hoto da waya daga nesa, da rana da kuma dare, don hoto yana nuna abin da ido ya saba da shi ya daina gani. Sannan ki kira yayarki ta zo ta gani. Kada ki yi mata gardama, ki ce, Yaya, ga abin da nake nufi, me kika ga ya rage? Tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, tsoron kada a raina ƙanwarta, kuma mai irin wannan tsoron ita ce ta fi dacewa ta riƙe miki aikin, don ba za ta bari a bar labule a yamutse ba. Dangin miji kuma, 'yata, abin da za su tafi da shi a baki shi ne yadda aka tarbe su, ko sun sami wurin zama, ko an kula da dattawansu. Wanda ya zo da niyyar kushe zai sami abin kushewa ko nawa aka kashe, kuma ba don shi za ki ɗauki bashi ba.

Duk aikin hannu ya ƙare saura mako biyu. Makon ƙarshe na hutunki ne da karɓar baƙi, babu almakashi a hannunki. Kayan kowane tebur su shiga kwalinsu daban, a rubuta lamba a jiki, a liƙa hoton teburin gwajin a kai, yadda ko wanda bai taɓa gani ba zai buɗe ya jera. A haɗa jaka ɗaya ta gaggawa: almakashi biyu, fil, waya, zare, salatif mai ƙarfi, batir, wayar jona wuta, tsumma. A tabbatar akwai tsani. Mutum ɗaya ne zai zama shugaba a ranar, kowa shi zai tambaya, kuma a gaya wa kowa kada a kira wayar amarya. Ki zaɓi mataimakan da ba sa cikin masu rakiyarki, don ƙawayenki na kusa su ma shiri suke yi a lokacin. Kada ki manta da kwashewa: a nan ake yawan jin kunya, kowa ya gaji ya watse, a bar mutum biyu da kwalabe sittin da kayan haya da za a mayar. Ki sa sunayen masu kwashewa da motar da za ta ɗauka tun yanzu, kuma a ƙirga mayafan haya kafin a bar wurin.

Idan kin yi gwajin kika ga lissafin lokacin bai fita ba, ko firam ɗin ya gagare ku, akwai hanya ta tsakiya. Ki koma wurin masu ƙawata wurin ki ce bangon bayanku kaɗai kike so su yi, su kafa su kwashe, tebura kuwa naku ne. Da yawa suna karɓar irin wannan aikin, kuma kuɗinsa bai kai na ɗaukar wurin gaba ɗaya ba. Ki tambayi mutum uku kafin ki tsayar, ki sa a rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai da lokacin da za su iso.

Ki yi teburin gwajin nan kafin mako ya zagayo, ki rubuto mini minti nawa ya ci da abin da yayarki ta ce, sai mu ga abin da za a rage ko a ƙara. Allah ya ba ku zaman lafiya.